Sunan Ciwon Ruƙayyatu

Ranar Talata, azumi ya raba tsakiya, Zakiyya ta sunkuya ta ɗauki tukunyar kunu a gidan mijinta a Argungu, sai hannunta ya karye. Ba ta faɗi ba, ba ta bugu da komai ba. Tukunyar ma ba a cike take ba.

Labarin ya iske mahaifinta, Malam Labbo, a Gesse cikin Birnin Kebbi, yana zaune gindin dogonyaro da littafi a cinya. Surukinsa Muhammad Sani ne ya bugo waya. Ya gaishe shi da azumi, ya gaishe shi da zafi, ya tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, sannan daga ƙarshe ya ce an kai ta wurin maɗori an ɗaure, kada hankalin Baba ya tashi.

"Tukunya kac ce?"

"Tukunya, Baba. Tsautsayi na."

"To. Allah shi kiyaye gaba."

Ya kashe wayar, ya rufe littafin bai sa alama ba. Ya san wannan tsautsayin. Ya taɓa zama da shi gida ɗaya shekara da shekaru, har ya raka shi maƙabarta.

Malam Labbo tsohon malamin tarihi ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane yadda dauloli suke tashi da yadda suke rushewa. Yaran suka girma suka samu ofisoshi, yanzu suna wuce shi a mota suna ɗaga masa yatsu biyu ta bayan gilashi. Ya karanta na Larabci, ya karanta na boko, har takardar da ake naɗo ƙosai a ciki ba ya yarwa sai ya ga abin da ta ce. Mutanen unguwa suna girmama shi daga nesa, domin duk wanda ya matso kusa sai ya koma gida da gyara a maganarsa.

Da ba haka yake ba, lokacin da matarsa Ruƙayyatu take da rai. Mace ce mai dariya. In ta yi dariya a tsakar gida, washegari mai shagon bakin titi yakan tambayi Malam me aka ce. Sai abin ya fara mata a hankali. Ƙishirwa ce ta fara zuwa, ta koma zama kusa da randa, moɗa a hannu. Ƙasusuwanta suka shiga ciwo, ta ce ji take kamar ana tauna su. Tsakuwa ta fito mata a ƙoda. Macen da ta san ranar sunan kowane yaro a dangi ta koma tsayawa a tsakiyar ɗaki tana tambayar kanta me ya kawo ta. Dariyar ta tafi, ba wanda ya ga ranar tafiyarta. Azumi kuwa in ya kama, yini ɗaya babu ruwa sai ya kwantar da ita kamar wadda aka yi wa duka, ta rikice, ta riƙa kiran rayayyu da sunayen waɗanda suka mutu.

An je asibiti ba iyaka. Wannan ya ce zazzaɓin sauro, wancan ya ce taifot, wani ya ce gyambon ciki, wani kuma ya dubi macen da ba ta kai hamsin ba ya ce tsufa ne. Dangi suka ce iska, wasu suka ce sammu, wata gwaggo mai ƙarfin hali ta ce son jiki ne. Malam bai yarda da ko ɗaya ba. Ya sayo tsofaffin littattafan likitanci a kasuwa, ya karanta babin ƙoda, ya karanta babin ƙashi, ya karanta na ƙwaƙwalwa, kowanne a wurinsa daban, sai ka ce ba jikin mutum ɗaya suke magana a kai ba.

Wata rana da hantsi tana zaune gefen randarta, ta dube shi.

"Malam, kai da ka karance littattafan duniya, mi as sunan ciwon ga? Ko ba a warkewa, in dai san sunanshi."

"Zan gano miki," ya ce.

Bai gano ba. Ƙodarta ta tsaya, ta rasu jim kaɗan bayan wata ƙaramar salla. Tun daga ranar Malam Labbo ya daina sallama da likitoci, ya rage yi da sauran mutane.

Zakiyya ita ce 'yarsa ta fari, kuma shi mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunanta ba tun ranar da aka raɗa mata shi. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ke". Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa yabonta ba, kuma tun da aka kai ta Argungu bai taka gidan ba, domin uba ba ya zarya gidan 'yarsa, balle ta fari. Duk wannan ya sani, ya kuma kiyaye shi fiye da kowa. Washegari da safe ya sa babbar riga, ya hau keke Napep zuwa tasha, ya shiga motar Argungu.

Hanyar ta bi gefen fadama. Shinkafar rani ta yi kore har iyakar gani, injinan ban-ruwa suna ta tari a bakin rijiyoyi. Bai kalla ba.

Hajiya Uwa, mahaifiyar Muhammad Sani, ita ta tarbe shi a zaure. Mace ce mai jiki da murya, wadda ba ta iya mamaki a ɓoye ba.

"Lale, lale! Malam da kanshi? Yau ko ruwa za a yi cikin bazara. Ka zo ka diba ko muna cin amanar ɗiyar mutane?"

"Na zo in ga tukunyar, Hajiya. An ce ta fi ƙarfin hannun mutum."

"Ka ji shi! Ko gaisawa ba mu gama ba."

Ta shigar da shi. Abin da ya fara gani a ƙofar ɗakin shi ne randa, an jawo ta daga inda aka saba ajiye ta an kawo kusa da tabarma. Zakiyya tana jingine da bango, hannunta ɗaure da karare da tsumma. Ta rame, idanunta sun yi nauyi. Ta yunƙura za ta durƙusa, ya ɗaga mata hannu.

"Baba, yaushe kaz zo?"

"Yanzu."

Hajiya Uwa ta shiga jera masa irin ƙoƙarin da take yi, kuma ba ƙarya take ba. Ta ce tun bara da yarinyar ta fara kukan ƙashi ta sa wata Bafillata tana kawo mata nono kullum, ƙwarya guda, ba a surka ba. Da an sha ruwa sai ta tsare ta sai ta shanye. Ga ƙwayoyin ƙarfin ƙashi daga kemis, manya farare, ɗaya da buɗa-baki ɗaya da sahur, tun da hannun ya karye kuma ta mayar da su bibbiyu. Ta ce mata ta ajiye azumin, ta ƙi, wai kada a ce ta faye son jiki.

"Ni dai ɗiya ta gare ni, Malam, ba suruka ba. Ƙashi in ya yi taushi mi aka ba shi in ba nono ba?"

Malam ya juya ga Zakiyya. Yana kallon hannun 'yarsa mai lafiyar, yadda yake kan murfin randar yana shafawa, alhali da sauran yini mai tsawo kafin a sha ruwa.

"Ina ka miki ciwo?" ya tambaye ta.

"Ko'ina, Baba. Kamar ana tauna min ƙashi." Ta sake dubansa da kyau. "Baba, yaushe kaz zo?"

Ya miƙe tsaye. Muhammad Sani ya shigo kenan daga fadama, laka har gwiwa, ya zube yana gaisuwa. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya ce yana neman alfarma, zai tafi da ita Birnin Kebbi asibiti yau. Saurayin ya dubi uwarsa, uwar ta ce ai maɗori ya ce kada a motsa hannun, kuma a bari a ga bayan salla mana.

"Uwarta ma an bari an ga bayan salla," in ji Malam. Ya juya wajen tabarmar. "Zakiyya. Tashi."

Hajiya Uwa ta kama baki. Ita kanta mai sunan sai da ta waiga, kamar wata ake kira a bayanta. Daga nan ba wanda ya sake maganar maɗori. Hajiya ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta da jakar ƙwayoyin, ta ce ƙafarta ƙafar ɗiyarta.

A babban asibitin Birnin Kebbi, bayan an yi hoton hannun, wanda ya duba hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya tura su wurin wata likitar tiyata. Sunanta Sumayya. 'Yar ƙarama ce, da tabarau, da alamar wadda ba ta samu barcin kirki ba. Malam ya dube ta ya ga sa'ar ɗalibansa na ƙarshe, ya ji ransa ya ƙara ɓaci.

"Likita, kafin ki ce zazzaɓi na, bari in hutar da ke. An riga an ce. An ce taifot, an ce gyambon ciki, an ce tsufa. Waccan da anka ce ma haka tana ƙasa."

"Allah shi jiƙanta, Baba. Ba ni labarin waccan ɗin tukuna."

Ba wanda ya taɓa neman wannan labarin a wurinsa. Ya ba ta shi tun daga randa har zuwa ƙoda, a tsare, kamar yana gaban aji. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta juya ga Zakiyya, ta tambaye ta ƙishirwa, ta tambaye ta fitsari, ta tambaye ta ko cikinta yana ɗaurewa, ko takan manta abu. Ta karɓi jakar Hajiya ta karanta jikin kwalaben. Sai ta ce a ɗebi jini a auna sinadarin da ake kira kalsiyam, wanda shi ne ƙarfin ƙashi, kuma a sa mata ruwa yanzu, azumi ya tsaya.

Da sakamakon ya fito ta tara su. Ta ce kalsiyam ya yi yawa a jinin Zakiyya, yawan da ke rikita kai ya lalata ƙoda. Daga yau ba nono, ba waɗannan ƙwayoyin.

"Nono?" Hajiya Uwa ta dafe ƙirji. "Nono yaz zama guba? Ni na kashe ta kenan?"

"A'a, Inna, ba ke kinka jawo shi ba. Ciwon ya riga nononki zuwa. Amma gonar da ambaliya ta ci ba a ƙara mata ruwa."

Sai ta yi musu bayanin da Malam Labbo bai taɓa cin karo da shi a dunƙule ba. Ta sa yatsa a gindin wuyanta. Ta ce a nan, bayan wurin da maƙoƙo yake fitowa, Allah ya ajiye wa kowane mutum wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowacce ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu ɗaya ne tun daga haihuwa har mutuwa: suna ɗanɗana jini. In kalsiyam ya yi ƙasa, sai su aika wa ƙashi ya saki kaɗan. In ya daidaita, sai su yi shiru. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu takan kumbura ta daina jin magana, ta yi ta aikawa dare da rana. Ƙashi ya yi ta saki har ya zama kamar kara, jini ya cika, ƙoda ta yi ta fama tana neman ruwan wankewa. Ƙishirwar kenan, tsakuwar kenan, mantuwar kenan. Shi ya sa azumi yake kayar da ita.

Muhammad Sani, wanda shi ma ya biyo su asibitin, ya ɗaga kai.

"Kamar a ta da injin ban-ruwa a manta ba a kashe ba. Rijiya ta ƙahe, shinkafa ta nutse."

"Ka ji shi duka," in ji likita.

Malam Labbo ya tuna littattafansa. Babin ƙoda, babin ƙashi, babin ƙwaƙwalwa. Ashe duk wuya ɗaya suke rataye.

"Wanga awon jini," ya ce a hankali, "sabo na?"

Ta dube shi, ta gane abin da yake tambaya, ba ta yi masa ƙarya ba.

"Ya girme ni, Baba. Sai dai sai an tuna da shi aka yin shi."

Bayan kwana biyu, da ruwan ya ɗan dawo da Zakiyya hayyacinta kuma wani awon ya tabbatar da zargin likita, aka shiga da ita ɗakin hoto. Na'urar irin wadda ake duba masu juna biyu ce. Likita Sumayya ta ce Baba ya shigo in yana so. Ya shiga da niyyar ya ga inda za su yi kuskure. Aka shafa wa Zakiyya wani abu mai santsi a wuya, aka ɗora kan na'urar. Allon ya cika da toka-toka, kamar ruwan gulbi in an kaɗa shi. Likita tana motsa hannu a hankali tana nuna masa: wannan bututun iska ne, wannan da yake bugawa jijiyar jini ce. Ya ga jijiyar tana buɗewa tana rufewa, ran 'yarsa yana wucewa a gabansa a fili, ba a tsaga ko'ina ba. Sai hannun likita ya tsaya.

"Ga ta nan."

Wani ɗan baƙin tabo ne mai tsawo, a kwance a gefen hagu, lafiya lau, kamar ƙwallon dabino da aka yar a yashi.

"Shi kenan?" in ji Malam.

"Shi kenan."

Ya cire tabaransa ya goge ya mayar. Ya koyar da yadda garuruwa masu ganuwa suka faɗi, kuma kowanne sai da aka tara dawaki da dubban mutane. Ga abin da ya rushe masa gida, ko cokali ba zai cika ba. Ya ji bakinsa yana cewa "Subhanallahi" ba tare da ya shirya ba, kuma ya daɗe rabon da kalmar ta fito masa haka da kanta.

Likita ta ce da can sai an buɗe wuya daga wannan gefe zuwa wancan, a bi ƙwayoyin huɗu ana nema. Yanzu tun da an san inda take kwance, za a tsaga ɗan wuri da bai fi gaɓar yatsa ba, a cikin layin da wuya yake naɗewa, a je kanta kai tsaye, a bar sauran ukun suna aikinsu. Ba za a ma sa ta barci mai nauyi ba, wuyan kawai za a kashe. Amma akwai abu ɗaya. Jijiyar murya tana bi ta wurin, siririya kamar zaren ɗinki. In aka taɓa ta, murya takan dushe, wani lokaci ba ta dawowa. Don haka za ta sa Zakiyya ta riƙa magana ana aikin, tana saurare.

Malam ya dubi 'yarsa. Muryar Zakiyya muryar uwarta ce, har yadda take jan ƙarshen magana. Ita kaɗai ta rage masa daga Ruƙayyatu da yake ji da kunne.

Aka yi salla, aka sa rana. Da safe aka tura ta ciki, aka bar su a benci. Muhammad Sani ya kasa zama. Hajiya Uwa tana jan carbi da ƙarfi kamar tana faɗa da shi. Malam ya buɗe littafi, ya riƙe shi a buɗe.

"Malam, shafin ga bai ƙarewa? Tun ɗazu kana kanshi."

"Mai wuya na, Hajiya."

"Ko dai kai ma tsoro kaka ji, kamar mu jahilai?"

"Ni ban ce jahilai ba."

"Ba ka ce ba. Hancinka ka cewa."

Yana shirya mata amsa kenan ƙofa ta buɗe. Ya ɗauka wani abu aka manta za a ɗauko, domin da motar Argungu ce ta tashi lokacin da aka shiga da ita, da yanzu ba ta isa ba. Likita Sumayya ce, ta sauke ƙyallen bakinta, riƙe da 'yar kwalba.

"An gama. Tana gaishe ku."

Ta miƙa masa kwalbar. Abin yana kwance a cikin ruwa, ja-ja mai duhu, mai laushi, bai kai ƙwallon dabino ba ma in aka gan shi a fili. Malam ya ɗaga shi wajen haske. Hajiya Uwa ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Wanga ɗan abin? Wanga na yas sa ni sayen nono shekara guda? Kai, Allah abin tsoro!"

Suka iske Zakiyya a kan gado, ido biyu, da 'yar filasta a gindin wuya wadda ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Malam ya tsaya daga ƙofa yana jira ta buɗe baki.

"Baba, sannu da zama."

Muryar tana nan, har da jan ƙarshen. Ya nemi kujera ya zauna.

Hajiya ta tambaye ta ko ta ji zafi. Ta ce ta ji ana taɓawa dai, kamar ana gyara mata wuyan riga. Likita ta ce ta yi ta magana, ita kuwa ta rasa abin cewa, sai aka ce ta faɗi yadda ake miyar kifi a Argungu. Tana cikin faɗa wata nas ta ce ai ba a sa daddawa da yawa haka, suka yi ta musu, har ta ji likita ta ce to ku dakata, ga ta ta fito.

"Ana yanka ki kina musun daddawa?" in ji Muhammad Sani.

"Ai ita ta ja. 'Yar Zuru ta, mi tas sani ga kihi?"

Malam ya dube ta. Rabon da ya ji ta tsokani wani har ya manta.

Washegari da hantsi Zakiyya ta ce leɓɓanta suna yi mata tsiri-tsiri, yatsunta kuma kamar tururuwa na bi. Hankalin kowa ya tashi, ban da na likita. Ta auna jinin, ta dawo tana murmushi. Ta ce injin ya mutu, ambaliya ta janye. Yanzu ƙasusuwan da suka yi shekaru ana kwashe musu kaya sun farka da yunwa, suna zuƙe kalsiyam daga jini suna mayarwa wurinsa, har jinin yana neman ya gaza. Dole a ciyar da su.

"Inna, ina nonon nan naki? Da ƙwayoyin? Yanzu lokacinsu ya yi. Ki tsare ta sai ta shanye."

Hajiya Uwa ta gyara mayafi, ta juya ta dubi Malam daga sama har ƙasa.

"Malam, ka dai ji da kunnenka. A rubuta cikin tarihi."

"Na ji, Hajiya. Maganinki daidai na. Shekara guda kawai kinka yi sammako."

Kafin a sallame su ya sami likita ita kaɗai a baranda. Ya tambaye ta ko abin da ya kashe matarsa kenan. Ta ce ba za ta rantse ba, tun da ba ta gan ta ba. Amma wani lokaci yana bin jini, kuma labarin da ya ba ta, da ɗalibi ne ya kawo mata shi a jarrabawa, amsa ɗaya za ta karɓa. Ta ce a kawo ƙannen Zakiyya a auna su, ita ma a riƙa aunawa lokaci-lokaci. Sannan ya tambaye ta sunan 'yan ƙwayoyin nan huɗu na wuya. Ta ce faratayirod, kuma da sunansu ake kiran ciwon. Ya maimaita. Ta gyara masa. Shi da ya yi shekaru yana gyara wa mutane magana, ya tsaya a baranda ya sake faɗa har ta ce ya yi daidai.

Da damina ta yi nisa ya koma Argungu, wannan karon ba wanda ya kira shi. Gulbi ya cika, fadama ta zama ruwa ɗaya. Yana zaure yana kakkaɓe takalmi, sai ya ji dariya daga cikin gida. Ta taso daga ƙasa, ta hau, ta karye a sama, ta sake tasowa. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya binne wannan dariyar da hannunsa, ya zuba mata ƙasa. Ga ta tana tsallake katanga tana fita titi, wani mai gyaran babur a waje har ya ɗaga kai yana murmushi bai san dalili ba.

Zakiyya ta fito ta durƙusa. Ta yi ƙiba, idanunta sun washe. An mayar da randa wurinta na da. Ya nemi tabon a wuyanta da gefen ido, bai same shi ba sai da ta ɗaga sarƙarta ta nuna masa: ɗan layi siriri, ya shige cikin naɗin fata kamar da shi aka haife ta. Ta tambaye shi labarin maƙwabtan Gesse da sunayensu, har da na jikokinsu. Ta tuna masa ranar da ya kira sunanta, ta ce ta ji daɗi amma kada ya saba, kunya take ji.

"Ke dai kawo ruwa," ya ce.

Ya dawo Birnin Kebbi da la'asar. Ya buɗe gidan, ya iske shi yadda ya bar shi. Randar Ruƙayyatu tana nan a inuwar ɗaki, bai taɓa yarda a ɗauke ta ba, ko da yake ba a zuba mata ruwa. Ya jawo kujerar da takan zauna ya ajiye a gefe, shi ya zauna a ƙasa. Littattafan likitancin suna jere a kan kanta ta taga, ƙura ta rufe su. Bai ji haushinsu ba yau. Abin da ya gani a wuyan 'yarsa ya fi ƙarfin haushi.

Ta yi masa tambaya ɗaya tak a duk zamansu wadda ta dace da karatunsa, ya ce zai gano. Ga shi ya gano, ya iya faɗar sunan ba tuntuɓe, ya riƙe abin a kwalba ya ɗaga shi wajen haske. Ya ɗora hannu a kan murfin randar, inda hannunta ya siɗe shi har ya yi santsi. Maganar tana bakinsa a shirye, ba mai karɓa.

Ruƙayya, yana da suna. Ƙarami na, bai kai ƙwallon dabino ba. Kuma ana warkewa.